Abin da Na Gani a Sashen Binciken Cututtukan Yara a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da abokan aikinki na ɗakin yara, ga amsar tambayar da kika yi mini tun watannin baya a kan yadda ake gudanar da bincike a asibitin da nake aiki, da inda ya sha bamban da abin da muka saba da shi a gida. Na jinkirta amsar ne domin ina so idona ya gani sosai tukuna, kada ɗokin baƙunta ya sa in yabi abin da bai kai yabo ba.

Aikina a nan shi ne na nas mai kula da bincike, kuma yawancin yaran da nake bibiya waɗanda aka kawo sashen gaggawa ne da zazzaɓi. Tambayar da ake neman amsarta ita ce wadda kike fama da ita kullum a bakin gado: shin wannan zafin jiki na bakteriya ne, wanda ke buƙatar maganin antibayotik nan take, ko kuwa na bairos ne, wanda sau da yawa yakan wuce da kansa? Tun a 2016 masu bincike na Imperial College da ke Landan suka nuna cewa jinin yaro yana ɗauke da alamar irin martanin da jikinsa ke mayarwa, kuma martanin da yake yi wa bakteriya daban ne da wanda yake yi wa bairos. Sai dai asibiti ɗaya ba zai taɓa tara yaran da za su isa a tabbatar da irin wannan magana ba, shi ya sa asibitoci da dama, wasu ma a ƙasashe daban-daban, suke bin ƙa'ida ɗaya, su cike takarda iri ɗaya, su ɗebi jini a kwalba iri ɗaya, sannan a haɗa sakamakon wuri guda.

Da na zo, na ɗauka injuna ne za su fi ba ni mamaki, kuma lalle akwai su. Ana ɗiban jinin yaro a zuba a kwalbar rainon ƙwayoyin cuta, a saka ta cikin injin da ke riƙe ta da ɗumin jikin mutum har kwana biyar, da zarar wani abu ya fara tsirowa injin ya yi ƙara ko da tsakar dare ne, wani injin kuma ya faɗi sunan ƙwayar cikin 'yan mintoci. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai bai kai injin tsada ba. 'Yar takarda ce mai lamba da ake manna wa kowace kwalba tun a gefen gadon yaro, lambar da ke bin jinin zuwa ɗakin gwaji, ta bi shi zuwa firizar da sanyinta ya kai digiri 80 ƙasa da sifili, ta kuma haɗa shi da bayanan yaron a kwamfuta ba tare da sunansa ya bayyana ga mai bincike ba. Firizar nan idan sanyinta ya fara raguwa, ita da kanta take aika saƙo zuwa wayar wanda ke kan aiki. Ranar da na fara ganin haka sai na tuna daren da wuta ta ɗauke mana, janareta ya ƙi tashi, muka wayi gari da samfuran da muka yi makonni muna tarawa sun lalace, babu wanda za a ɗora wa laifi.

Akwai kuma abin da ke faruwa tun kafin yaro ya iso asibiti, wanda ke lalata bincike a wurinmu ba tare da mun lura ba. A nan ba a sayar da antibayotik sai da takardar likita, saboda haka yawancin yara sukan zo da jininsu kamar yadda cutar ta same shi. A gida kuwa kin san uwa takan fara biyawa ta kemis, yaro ya sha magani kala biyu ko uku na 'yan kwanaki, sai jiki ya ƙi a kawo miki shi, a lokacin ƙwayar ta riga ta raunana, ba za ta tsiro a kwalba ba ko da tana nan. Ga shi kuma uba ne zai biya kuɗin gwajin daga aljihunsa, wani lokaci ya ɗauki jinin da kansa zuwa wani ɗakin gwaji a waje, sakamakon ya dawo bayan an sallami yaron. A nan hukumar lafiya ta NHS, wadda aka kafa a 1948, ita ke ɗaukar nauyin gwajin daga harajin jama'a, don haka likita ba ya tsayawa lissafin abin da iyaye za su iya kafin ya rubuta.

Neman yardar iyaye shi ne ɓangaren da ya fi cin lokacina. Babu binciken da ake farawa sai kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike ya amince, kuma a cikin kwamitin akwai mutanen gari waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba. Wata rana na zauna da mahaifiyar wani yaro ɗan shekara uku, na yi mata bayani cewa ƙarin jinin da muke so bai kai cikin ƙaramin cokali ba, kuma za a ɗebe shi ne tare da wanda likita ya riga ya nema, ba za a sake huda yaron ba. Ta karanta takardar har ƙarshe, ta dubi ɗanta da aka shafa wa man kashe zafi a bayan hannu aka rufe da leda, ta ce ba ta so. Na yi mata godiya na tashi, kuma babu abin da ya ragu daga kulawar da aka ba shi. Idan yaro ya yi wayo, shi ma ana tambayarsa da kalmomin da zai gane. Duk lokacin da nake wannan zama nakan tuna abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan a kan yara, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. Tabon wannan al'amari yana cikin dalilan da suka sa har yau wasu iyaye ke ja da baya idan sun ji kalmar gwaji.

Kada ki ɗauka komai a nan zam-zam yake. Iyaye sukan shafe sa'o'i a zaune a sashen gaggawa kafin a kira su, samun ganin likitan unguwa ma yakan zama aiki, kuma ƙyanda ta dawo da ƙarfi a yankin Birmingham a ƙarshen 2023 zuwa 2024 saboda yawan yaran da ba a yi wa riga-kafi ba. A wannan lokaci na ga ƙwararrun matasan likitoci da ba su taɓa ganin ƙyanda ido da ido ba, suna duba hotuna a kwamfuta, alhali ke daga bakin ƙofa kike gane ta da jan ido da tari da yadda ƙurajen ke fara fitowa a bayan kunne. Haka ma idan aka kawo yaron da ya dawo daga tafiya da maleriya, sai ka ga an taru a kansa kamar wani abin kallo.

Wannan ne ya sa na daina yi wa haɗin gwiwar bincike tsakanin asibitocin Turai da na Afirka kallon taimakon da mai shi ke yi wa marar shi. Allurar atesunet da kike yi wa yaro mai tsananin maleriya a maimakon kwinin, hujjarta ta fito ne daga binciken AQUAMAT na 2010, wanda aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, ciki har da asibiti a Ilori, inda aka ga mace-mace sun sauko daga kashi 10.9 cikin ɗari zuwa 8.5. Binciken FEAST na 2011, a Kenya da Yuganda da Tanzaniya, ya nuna cewa ɗura wa yaro mai tsananin zazzaɓi ruwa da yawa cikin gaggawa yana ƙara haɗarin mutuwa, abin da ya saɓa wa koyarwar da likitocin Turai suka daɗe a kanta. Riga-kafin maleriya na R21 a Jami'ar Oxford aka ƙirƙiro shi, amma a Nanoro ta Burkina Faso aka fara ganin ƙarfinsa a jikin yara, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Halidou Tinto, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a watan Oktoban 2023. Duk waɗannan amsoshi daga ɗakunan yara irin naki suka fito, da hannun nas-nas irinki.

Don haka tun da kin ce ana maganar shigar da sashenku cikin wani bincike na haɗin gwiwa, ga abin da nake ganin ya kamata ku tambaya tun kafin a sa hannu: a ina za a yi gwajin jinin, kuma idan za a fitar da shi waje, wa ke da iko da abin da ya rage? Wane ne daga cikinku za a horar, kuma injin da firizar za su zauna bayan an gama, tare da hanyar samun kayan aikinsu da mai gyara su? Za a dawo wa likitan da ke jinyar yaron da sakamakon a kan lokacin da zai amfane shi? Takardar neman yarda kuma ku dage a rubuta ta da Hausar da uwa za ta gane idan an karanta mata, a kuma samu shaida a wurin idan ba ta iya karatu ba. Idan daftarin ya iso hannunki ki turo mini, zan zauna da shi a ƙarshen mako in kwatanta da wadda muke amfani da ita a nan.