Tiyatar muƙamuƙin sama da ta ƙasa: wacce ta fi taɓa magana?

Malama, kin ce likita ya ba ƙaninki shawarar a yi masa tiyatar gyaran muƙamuƙi saboda haƙoransa na gaba ba sa haɗuwa, kina kuma fargabar kada muryarsa ta canza, tunda da ita yake karantar da almajirai. Amsar ta dogara ne kan muƙamuƙin da za a taɓa, domin aikin sama da na ƙasa ba hanya ɗaya suke bi wajen shafar magana ba.

Asalin murya daga maƙogwaro take fitowa, daga tantanin maƙwallato, kuma wuƙar likita ba ta isa can a ko wanne daga cikin ayyukan biyu. Dishewar kwanakin farko yawanci daga bututun numfashi take, wanda ake zurawa ta hanci lokacin da aka sa mutum barci, kuma takan wuce cikin 'yan kwanaki. Abin da ke iya canzawa shi ne amon murya da fitar haruffa.

A aikin muƙamuƙin ƙasa, hanyar da aka fi bi ita ce wadda likitocin tiyata Trauner da Obwegeser suka bayyana a 1957: a tsaga ƙashin ta ɓangarori biyu, a jawo shi gaba ko a mayar da shi baya, a yau kuma akan ɗaure shi da ƙananan ƙusoshin ƙarfen titaniyom. Cikin wannan ƙashi akwai jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji, kuma sau da yawa takan janyu. Mai jinya zai ji leɓensa kamar an yi masa allurar cire haƙori, ya sha ruwa yana zuba ta gefen baki bai sani ba, haruffan leɓe irin su b, ɓ, m da f su riƙa fita a daddafe. Ji yakan dawo a hankali cikin watanni, ko da yake wasu kan rayu da ɗan ragowar mutuwar leɓen. Duk da haka harshe da leɓe suna saurin sabawa da sabon mazauninsu.

Aikin muƙamuƙin sama, wanda ake kira Le Fort I da sunan likitan Faransa René Le Fort, shi ne na fi so ki sa wa ido. Idan aka jawo ƙashin gaba, hanɗa, wato tattausan naman da beli ke rataye a jikinsa, takan biyo shi. Aikinta shi ne ta rufe hanyar hanci yayin magana, don haka idan ta yi nisa da bangon maƙogwaro sai iska ta riƙa kuɓucewa, maganar ta koma ta hanci. Ga mai tajwidi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gunna ce za ta shiga haruffan da ba nata ba. Mafi yawan masu lafiyayyar hanɗa suna cike wannan gibi da kansu. Haɗarin ya fi yawa ga wanda aka haifa da tsagewar ganɗa aka ɗinke masa tun yana ƙarami, saboda tabon ɗinkin ya riga ya rage wa naman laushi.

Ga mai matsala irin ta ƙaninki, sau da yawa riba ake samu. Wanda haƙoransa ba sa haɗuwa harshe ke leƙowa ta tsakani, s da z da ts su gurɓace, har a ce yana da tsamin baki, kuma rufe wannan gibi yakan gyara su, musamman idan ya samu horo wajen ƙwararren gyaran magana.

Kada ku auna sakamako a makonni shida na farko, lokacin da fuska ke kumbure, robobi na riƙe da haƙora, abinci bai wuce kunu da romo ba. Ku naɗi karatunsa a waya kafin aikin don kwatantawa daga baya, sannan ku tambayi likitan muƙamuƙin da zai motsa da yawan milimitar. Idan na sama ne, musamman in an taɓa yi masa ɗinkin ganɗa, ku nemi a duba yadda hanɗarsa ke rufewa da ƙaramar kyamara ta hanci kafin a sa ranar tiyata.