Bututun kunne ko na'urar ji: wanne za a yi wa yaro?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya, ya yaye miki damuwa. Tunda likita ya ce ruwa ne ya kwanta a bayan dodon kunnensa, har ya ba ki zaɓi tsakanin aikin saka bututu da maƙala na'urar ji, ni dai na ce ki yarda a yi aikin. Duka biyun sun shiga gidana a kan autana, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Amma da sharaɗi ɗaya. Ruwan nan sau da yawa yana tsotsewa da kansa, shi ya sa likitocin kunne ba sa gaggawa, sukan bar yaro kamar wata 3 sannan su sake gwaji. Akwai wata 'yar hanya da ta taso daga bayan hanci zuwa tsakiyar kunne, ita ke kai iska. Ta yara gajera ce kuma a kwance take, mura kaɗan ke toshe ta, to da iska ta daina shiga sai ruwa ya taru ya yi kauri, dodon kunne ya kasa motsi. Yaron yana ji, sai dai kamar wanda aka toshe wa kunne da yatsu. In an riga an jira watannin nan, gwaji ya nuna ruwan yana nan a kunne biyu, bakinsa kuma ya yi nauyi, to jira ya ƙare. Shekarun da yake ciki su ne na kwasar magana, kuma ba sa tsayawa jiran kowa.

Nawa yaron mun daɗe muna ce masa mai kunnen ƙashi. A kira shi daga tsakar gida bai waiwayo ba, sai ka zagayo gabansa. In ana kallo sai ya je ya manne da talabijin. Sa'anninsa suna haɗa kalma biyu uku, shi yana nuni da yatsa yana kuka. Ranar aikin an hana shi abinci tun dare saboda maganin sa barci, kuma wallahi rarrashin yunwar nan ya fi komai ba ni wahala. Aikin kansa kamar minti 15 ne. Ta cikin ramin kunne ake bi, ba yanka a waje, ba ɗinki: a ɗan tsaga dodon kunnen, a zuƙe ruwan, a dasa bututun da likitoci ke kira giromet. Wata nas ta nuna mini irinsa a tafin hannunta, ko ƙwayar shinkafa bai kai tsawo ba. A ranar aka sallame mu.

Da daddare ina kicin na kunna famfo a bokiti, sai na ga ya tsaya cak a bakin ƙofa yana neman inda ƙarar take fitowa. Washegari da asuba ladan ya ɗaga murya, yaron da a da ko tsawa ba ta tashinsa ya farka ya zauna yana nuna taga. Na zauna gefen gado ina ta hawaye, babansu yana cewa ai godiya ya kamata ki yi. Har 'yan kwanaki yana toshe kunne in babur ya wuce, saboda duniyar ta yi masa ƙara da yawa. Magana kam ba rana ɗaya ta zo ba, sai da muka dage da hira da shi fuska da fuska, amma ta zo, yanzu sai an ce ya yi shiru.

Ba zan ɓoye miki wahalarsa ba. Bututun ba na dindindin ba ne, yawanci tsakanin wata 6 zuwa shekara 1 kunnen ke turo shi waje da kansa, ramin ya rufe. Wasu yaran ruwan kan dawo har a sake aikin, wani lokaci a haɗa da cire naman bayan hanci, musamman ga yaro mai minshari da kwana baki buɗe. Kunne kan yi zubar ruwa in an yi mura, nawa ya yi, maganin ɗigawa da likita ya rubuta ya tsayar da shi. A 'yan kaɗan ramin ba ya rufewa sai an yi masa faci daga baya. Wajen wanka kuma likitanmu ya ce kada ruwan sabulu ya shiga, sai in shafa wa auduga basilin in toshe bakin kunnen, in an gama in cire. Tsoron maganin sa barci kuwa kowace uwa tana da shi. Ki nemi ganin likitan da zai ba da maganin tun kafin ranar, ki gaya masa in yaron yana da asma, ko sikila, ko yana cikin mura.

Na'urar ji, to, tana ƙara ji kuma ba sai an shiga tiyata ba, wannan na ba ta. Tamu tana nan a durowa, don ɗan shekara biyu fizge ta yake yi ya jefar, ga sayen batir, ga zufa da ƙura, ga robar cikin kunne da ake sakewa duk sanda ya ƙara girma, ruwan kuma yana nan inda yake.

Inda take da muhimmanci daban ne, kuma kada a haɗa. Yaron da jijiyar jinsa ta taɓu, kamar bayan sanƙarau, ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, ko wasu allurai irin su jentamaisin, shi bututu ba zai yi masa komai ba. Na'ura ce maganinsa, kuma da wuri. Saboda haka ki tambayi likita kai tsaye: ruwa ne kaɗai, ko har da jijiya? Akwai gwajin da ke auna motsin dodon kunne, akwai kuma wanda ake liƙa wa yaro wayoyi a kai yana barci a ga ko sauti yana isa ƙwaƙwalwa. Ki karɓi takardun sakamakon ki adana. In garinku babu kayan gwajin, akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano ma suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa. Da zarar kin yi maganar nan a fili, masu talla za su cika miki waya. Akwai masu sayar da wani abu a Facebook da WhatsApp suna ce masa na'urar ji, alhali 'yar amsa-kuwwa ce kawai, komai take ƙara wa ƙara, daga muryarki har janareton maƙwabta, kuma tana iya lahanta jin da ya rage wa yaron. Na'urar gaske sai an gwada yaro, an ɗauki awon kunnensa, an saita ta daidai da abin da ya rasa. Duk wanda ya ce turo kuɗi a sa miki a mota bai taɓa ganin yaron ba, ki rufe shi. Haka masu kwalabe da lasifika a kasuwa, masu cewa ɗigo uku kurma ya ji. Ruwan a bayan dodon kunne yake, abin da aka ɗiga daga waje ba ya kai wa gare shi, in kuwa akwai huji ko bututu, man da ruwan albasar da ake ɗigawa za su zarce ciki su jawo mugunya. Maganin mura da na kashe ƙwayoyin cuta da ake ta haɗowa a kemis su ma ba sa busar da shi. Ki raba kunnensa da tsinken ashana da gashin kaza, ki kuma nisanta shi da hayaƙin sigari da na murhu.

In sakamakon ya nuna ruwa ne kaɗai, ki zauna da babansa ku koma wurin likitan tare, don shi ma ya ji da kunnensa, ku karɓi ranar aiki. Allah ya sa a yi a sa'a.