Wata 14 da sabuwar gwiwar da aka sa min da taimakon mutum-mutumi

Wata ranar Laraba ina saukowa daga gadar masu tafiya a ƙafa ta Ketu, gwiwata ta dama ta zame min, kamar an zare turke daga ƙarƙashin rumfa. Ba don wani yaro mai tallan ruwan leda ya tare ni ba, da sai dai a kwashe ni a ƙasa. Shekara 31 ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, ciwon gwiwa kuwa mun daɗe tare, na sha man zafi da allurai da jiƙe-jiƙe. Amma ranar ce na daina yarda da ƙafata. Duk matakalar da na gani sai gabana ya faɗi.

A asibitin ƙashi na Igbobi likita ya ɗaga hoton ya nuna min. Guringuntsin ɓangaren ciki ya cinye ƙarƙaf, ƙashin cinya na gogar ƙashin ƙwauri, ƙafar ta lanƙwashe kamar baka. Ya ce magani ya gama nasa, sai sauyin gwiwa. Ana yin wannan tiyata a nan Legas, amma babban ɗana ya kafe sai ta mutum-mutumi. "Baba, gwiwa ba riga ba ce da za a sake ɗinki in ba ta zauna ba," in ji shi. Na sayar da filina na Zariya, muka tafi Delhi a 2024, lokacin da naira ta riga ta sha ƙasa, kowace dala kamar ana yankar naman jikina.

Dillalin da ya haɗa mu da asibitin ya ce na'ura ce za ta yi komai, hannun ɗan Adam ba zai taɓa ni ba, kwana uku in miƙe in kama harkokina. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma har yau tana ɓata min rai, don na san akwai dattawan da irinta ke sa su rabu da dukiyarsu da mummunar fahimta. Likita ne ke yanka, shi ke ɗinki. Na'urar hannu ce ta ƙarfe da kwamfuta da kyamara. Iri-iri ne ma: akwai Mako ta kamfanin Stryker mai aiki da hoton siti-sikan, wato hoton cikin jiki da kwamfuta ke haɗawa, akwai ROSA ta Zimmer Biomet da CORI ta Smith+Nephew waɗanda ba lallai sai da wannan hoton ba. Abin ba sabo fil ba ne, tun 1992 aka fara gwada wata mai suna ROBODOC a aikin ƙugu a Kalifoniya.

Ni an fara ɗaukar hoton ƙafata, kwamfuta ta gina siffar ƙashina sak, likita ya tsara inda zai yanka tun kafin in shiga ɗakin tiyata. A ciki aka yi min allurar baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, ina jin ƙarar zarto sama-sama kamar daga gidan maƙwabta. An kafa ƙusoshi a ƙashin cinya da na ƙwauri, aka ɗora musu alamomin da kyamara ke bi, don na'urar ta san inda ƙafar take ko da ta motsa. Zarton yana hannun na'urar, likita ke tura shi, in ya nufi wajen iyakar da aka shata sai ya tsaya.

Wurin da na fi so mai karatu ya gane shi ne batun jijiyoyi, don nan ne daidaituwar gwiwa take. Likitan ya zauna ya yi min bayani, ɗana na fassarawa, ni kuma na gane shi da harshen sana'ata. In ka yi lodin albasa a tirela, buhunan na iya zama daidai, amma in igiyar gefe ɗaya ta fi ta ɗayan tamkewa, a kwanar farko lodin zai karkace. Gwiwa tana da jijiyoyi biyu a gefe da gefe, da wasu biyu da suka gitta a tsakiya. A yawancin wannan tiyata ana cire ta gaba cikin na tsakiyar, don haka nauyin riƙon yana komawa kan na gefe da siffar ƙarfen da ake ɗora wa bakin ƙasusuwan da kaurin robar da ake sawa tsakani. In aka bar su sako-sako, gwiwa ta riƙa rawa. In aka tamke su da yawa, ta sandare. Kuma dole tamkewar ta zo ɗaya ko ƙafa na miƙe ko tana tanƙwashe. A da likita da hannunsa da gwanintarsa yake auna wannan. Da na'urar, yana karkata gwiwar hagu da dama, kwamfuta na nuna masa tazarar da milimita, sai ya gyara tsarin yankan da milimita ɗaya ko digiri ɗaya kafin zarto ya taɓa ƙashi. Rawar gwiwa tana cikin manyan dalilan da ke sa a sake buɗe mutum a yi masa gyara, shi ya sa wannan awon ba ƙaramin abu ba ne.

A wannan fannin, alhamdulillahi, ban da ƙorafi. Washegarin tiyata aka tsayar da ni da ƙarfen dogarawa, duk da azabar da nake ciki na ji ƙafar ta dafe ƙasa a miƙe. Yau ina hawa danfo, ina taka laka da ruɓaɓɓen ganye a kasuwa lokacin damina, gwiwar ba ta taɓa zame min ba ko sau ɗaya. Gadar Ketu ina saukowa ba tare da na ƙanƙame ƙarfe ba.

Amma ciwon makonni ukun farko, kada wanda ya rage maka shi. Barci sai na sata. Inda aka kafa ƙusoshin a ƙwauri ya ɗauki lokaci yana min tsami. Ga allurar tsinka jini da matsattsiyar safa saboda gudun daskarewar jini, musamman da doguwar tafiyar jirgi a gabana. Har yanzu akwai wani fili a gefen tabon da ba na jin taɓawa, kuma wani lokaci gwiwar na ƙas-ƙas in na juya, ƙarfe ne ke taɓa roba, an ce ba matsala ba ce.

Ainihin aikin, wato gashin ƙashi bayan tiyata, a Legas aka yi shi. Sau uku a mako ina fitowa daga Agege cikin cunkoso zuwa wurin mai gashin ƙashi, wata baiwar Allah Bayarabiya da ba ta ɗaga min ƙafa ko kaɗan. Ta ɗora ma'auninta a gefen gwiwa, ta tura dugadugina baya tana cewa, "Alhaji, saura kaɗan," hawaye na zubo min. Daga digiri 80 muka kai 120, a nan muka tsaya.

Digiri 120 ya ishi tafiya da matakala da zaman kujera. Bai ishi zaman tahiya ba, wannan yana neman kusan 150 ko fiye. Babu wanda ya faɗa min haka kafin tiyata, ni ma ban tambaya ba, kuma shi ne abin da ya fi taɓa zuciyata. Juma'ar farko da na koma masallaci aka ajiye min farar kujerar roba a ƙarshen sahu, ina kallon sa'o'ina suna kai goshi ƙasa. Limaminmu ya tuna min hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, cewa wanda bai iya salla a tsaye ba ya yi a zaune, na sami natsuwa. Duk da haka ina kewar tabarma. Ban-ɗakin tsuguno ma sai da muka fasa shi aka sa na zama. Musulmin da zai yi wannan aiki ya yi maganar salla da likitansa ƙarara tun kafin ya sa hannu.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Gwiwar ta biya. Ƙarin kuɗin na'urar da na jirgi da masauki kuwa, ina da ja. Likitan da kansa ya ce min abin da aka tabbatar shi ne na'urar na ƙara daidaiton yanka da zaman ƙarfen, amma fifikonta a tsawon shekaru ba a kai ga tabbatar da shi ba tukuna. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya suna kai shekara 25, kuma waɗannan aikin hannu ne. Wata Hajiya a layinmu an yi mata tata a nan Legas ba da na'ura ba, tafiyarta ba ta fi tawa rauni ba, tanƙwasawa ma ta ɗara ni.

Sai kuma nisa. A wata na uku gwiwar ta kumbura ta ɗau zafi, hankalinmu ya tashi don an gargaɗe mu kan shigar ƙwayoyin cuta. Wanda ya yi aikin yana wata nahiya, sai saƙon WhatsApp da amsarsa ke zuwa bayan awanni. Likitan nan gida ne ya duba ni, ya sa aka auna jini, ya ce wahalar motsa jiki ce ta yi yawa. Abin da ya fara nema takardar da ke ɗauke da sunan ƙarfen da girmansa, Allah ya sa ɗana ya adana ta.

Yanzu ta hagu ta fara irin kukan da 'yar'uwarta ta yi. Na gaya wa yara wannan karon a Legas za a yi, wurin likitan da zan iya zuwa ofishinsa in gwiwa ta kumbura. In yana da na'ura kuma kuɗin bai fi ƙarfina ba, ina so. In babu, zan tambaye shi gwiwa nawa yake sauyawa a shekara da yadda yake auna jijiyoyi. An ba ni ranar ɗaukar hoto bayan Babbar Salla.