GB Operator, GBxCart RW, Retrode 2 ko na'urar Sanni: wacce za ka saya don kwashe tsofaffin kaset?

Ɗan'uwa, ka ce kana da tarin kaset na Game Boy da GBA (wato Game Boy Advance), ga 'yan na Super Nintendo da Nintendo 64 a gefe. Kana son kwashe wasannin da ajiyar da ke cikinsu zuwa kwamfuta, amma ka rasa wacce za ka ɗauka cikin na'urori huɗun nan. Kafin mu jera su, sai an raba abu biyu da ke cikin kowane kaset, domin gaggawarsu ba ɗaya ba ce.

Na farko shi ne wasan kansa, wato ROM. Tun a masana'anta aka dasa shi cikin ƙwaƙwalwar kaset, ba ya buƙatar wuta, kuma yana daɗewa ƙwarai. Na biyu shi ne ajiyarka, inda ka tsaya da duk abin da ka tara. A yawancin kaset na Game Boy da Super Nintendo, ajiyar tana zaune ne a wata ƙwaƙwalwa mai suna SRAM, wadda ɗan batir mai siffar kwabo ke riƙe da ita, irin su CR1616, CR2025 ko CR2032. Ran da batirin ya mutu, ajiyar ta tafi, babu mai dawo da ita. Game Boy ya fito a 1989, ka ga wasu batiran sun haura shekara 30 suna aiki. Pokémon Gold da Silver na 1999 sun fi shiga uku, saboda akwai agogo a cikinsu da ke shan batir dare da rana, shi ya sa da yawansu suka riga Red da Blue mutuwa duk da sun fi su ƙuruciya. Wasan ana iya samun wani kwafinsa a duniya. Ajiyarka kuwa guda ɗaya ce tak. Don haka ma'aunina a nan shi ne: wace na'ura ce ke karanta ajiya daidai, kuma take mayar da ita cikin kaset bayan an canza batir?

Mu fara da biyun da suka tsaya kan dangin Game Boy kaɗai, wato Game Boy, Game Boy Color da GBA.

GB Operator na kamfanin Epilogue ne da ke Romaniya, ya fito a 2021. Ka jona shi da USB, ka soka kaset, manhajarsu ta nuna maka sunan wasan da hotonsa, ka danna ka kwashe. Za ka iya buga wasan nan take a kwamfuta da ajiyarka ta ainihi, kuma yana duba kaset ya gaya maka ko na gaske ne ko jabu. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga mai sayen kaset na hannu, musamman na Pokémon da jabunsu suka yi yawa. Inda na ɗan ja baya shi ne, da manhajar kamfanin kaɗai yake aiki. Abin da suka yarda ka yi shi za ka yi.

GBxCart RW na insideGadgets ne a Ostireliya. Ba shi da ƙyale-ƙyale, ɗan allon kayan lantarki ne da ramin kaset. Ƙarfinsa yana cikin FlashGBX, manhajar da kowa zai iya duba yadda aka rubuta ta. Tana nuna maka irin ƙwaƙwalwar ajiyar da kaset ke da ita, tana barinka ka zaɓa da hannu idan ta yi kuskuren ganewa, tana rubuta wasa a kan kaset masu karɓar rubutu iri-iri, har ma tana iya ciro ajiya daga jabun kaset marasa batir da ke ɓoye ajiyarsu a cikin ROM. Idan kana da Game Boy Camera na 1998, hotuna 30 ɗin nan da ke ciki batir ne ke riƙe da su, kuma FlashGBX tana fito da su ɗaya bayan ɗaya a matsayin hotuna na yau da kullum. Tsakanin su biyun, in dai adanawa ce manufarka, GBxCart RW nake ba ka shawara. In kuwa so kake ka soka kaset ka hau wasa ba tare da ciwon kai ba, GB Operator ya fi daɗin sha'ani. Akwai kuma Joey Jr na BennVenn, wanda ke bayyana a kwamfuta kamar filas, ka jawo fayil ka ajiye kawai.

Abin lura game da GBA: ba kowane kaset ne ke cikin haɗari ba. Pokémon Ruby, Sapphire da Emerald suna ajiya a ƙwaƙwalwar da ba ta buƙatar wuta, batirinsu na agogo ne kawai. Idan ya mutu, abubuwan da suka dogara da lokaci ne ke tsayawa, ajiyar tana nan. FireRed da LeafGreen ma ba su da batir sam. Waɗannan za su iya jira a ƙarshen layi.

Sai manyan biyu.

Retrode 2 ƙirar Jamus ce, tana da ramuka biyu, na Super Nintendo da na Mega Drive, na'urar wasan kamfanin Sega. Ba ta buƙatar wata manhaja: kwamfuta na ganinta kamar filas, wasan da ajiyarsa suna fitowa a matsayin fayil biyu. Don Nintendo 64 ko Game Boy sai ka sayi ƙarin abin sokawa daban. Matsalarta tana wajen kaset ɗin Super Nintendo masu ƙarin ƙwaƙwalwar sarrafawa. Masu SA-1, irin Super Mario RPG, ba sa karantuwa a raminta na asali, domin kaset ɗin yana jiran wasu sigina na na'urar wasan kafin ya buɗe.

Na'urar Sanni, wadda cikakken sunanta shi ne Open Source Cartridge Reader, a kan wani ƙaramin allon kwamfuta mai suna Arduino Mega aka gina ta. Tana da ɗan allon nuninta, tana zuba komai a katin SD, ba ruwanta da kwamfuta. Tana karanta NES (na'urar Nintendo da ta riga Super Nintendo), Super Nintendo, Nintendo 64, Mega Drive da dangin Game Boy, da wasu da yawa idan an ƙara musu abin sokawa. Wadda aka haɗa da sashen samar da siginar agogo tana buɗe kaset masu SA-1 ɗin da suka gagari Retrode. A Nintendo 64 ne ta fi nuna kanta, domin can hanyoyin ajiya ba ɗaya ba ne: Super Mario 64 yana amfani da EEPROM, ƙwaƙwalwa marar batir mai bayit 512 kacal, Ocarina of Time da Super Smash Bros. suna kan SRAM mai batir, Majora's Mask yana kan FlashRAM, ita ma marar batir, wasu kuma sai a katin ajiya na Controller Pak da ake sokawa a bayan abin riƙewa, shi ma na asalin batir ne a cikinsa. Duk tana karanta su. Bayan ta gama kwashe wasa, tana lissafa lambar tantancewa ta CRC32 ta gwada da jerin da ke cikin katin, ta gaya maka ko kwafin ya fita daidai.

Amma ba kamfani ɗaya ke ƙera ta ba. Zanen a buɗe yake, ko ka sayi kayan ka haɗa da kanka, ko ka sayi wadda wani ya haɗa, kuma ingancin aikin ya danganta da hannun mai haɗawar. Idan ba ka taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, kada ka fara koyo a kanta, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sannan a yawancinsu akwai makunnin zaɓen ƙarfin wuta: Nintendo 64 da GBA bolt 3.3 suke so, Game Boy, Super Nintendo da Mega Drive kuma bolt 5. Duba shi kowane lokaci kafin ka kunna. NES ma yana da nasa rigimar, domin kaset ɗinsa ba ya faɗin sunansa ko tsarin ƙwaƙwalwarsa, sai ka zaɓi wasan daga jeri ko ka saka bayanan da hannu.

Ga tarin da ka bayyana, ni na'urar Sanni haɗaɗɗiya zan saya, tun da ita kaɗai ce za ta ɗauke duka ba tare da ƙarin sayayya ba. Idan kuɗin bai kai ba tukuna, fara da GBxCart RW ka ceci na Game Boy, su ne suka fi yawa a wurinka. Retrode 2 ta dace da wanda tarinsa Super Nintendo da Mega Drive ne zalla. Ka kuma tuna cewa dokar kwafe wasa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma adana kwafin kaset ɗinka daban yake da rarraba shi a intanet.

Ko wacce ka saya, yadda ka yi aikin ya fi sunan na'urar muhimmanci. Jiƙa tsinken auduga da sinadarin isopropyl ka goge haƙoran kaset har audugar ta daina fitowa baƙa, ka bari ya bushe. Soka kaset na'urar tana kashe. Idan sunan wasan ya fito a hargitse, haruffa sun cakuɗe da alamomi, haƙoran ba su zauna ba ne, cire ka sake gogewa, kada ka danna komai. Sunan ya fito daidai, ajiya za ka fara kwashewa kafin wasan. Kwashe ta sau biyu, kana cire kaset kana mayarwa a tsakani, ka gwada fayilolin ko sun zo iri ɗaya. Ga wasan akwai jerin No-Intro, na lambobin tantance sahihan kwafin wasanni, da za ka gwada da shi, amma ajiya ba ta da jerin da zai tabbatar maka, sai ka buɗe ta a manhajar kwaikwayo irin mGBA ka ga sunanka da inda ka tsaya da idonka. Wani lokaci sai ka canza ƙarshen sunan fayil daga .sav zuwa .srm, ko akasin haka, kafin manhajar ta gane shi.

Sai bayan ka ga ajiyar ta buɗe, ka kuma aje kwafinta a wuri biyu daban, za ka kwance kaset ɗin Game Boy, Super Nintendo ko Nintendo 64 da sukudireban gamebit mai milimita 3.8 (na GBA kuwa sai sukudireba mai baki uku) ka cire tsohon batir. Da zarar ya rabu da allon cikin kaset, SRAM ta goge. Liƙa sabon batir mai 'yan kunnuwa da dalma, kada ka ɗaure shi da salatif, sannan ka mayar da kaset cikin na'urar ka rubuta masa ajiyarsa.