Saliba, Van Dijk, Gabriel ko Gvardiol: sunan wa za ka buga a bayan rigarka?

Ƙanena ya tara kuɗin sabuwar riga tun kafin a rufe kakar Firimiyar Ingila ta 2023/24, ya kuma rantse sunan ɗan baya zai sa a buga masa, don shi ma lamba biyar yake tsayawa a filin unguwa. Sharaɗinsa ɗaya: wanda ya fi kowa a kakar. Tun da kuɗin buga suna ba ya dawowa idan aka manna, na ce ya dakata mu taya kayan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake juya waya a kasuwa kafin a biya.

Abin da za ka fara sani shi ne masu raba kyauta ba su cika waiwayar 'yan baya ba. Phil Foden aka ba gwarzon kakar. A kyautar Ballon d'Or ta gwarzon ɗan ƙwallon duniya kuwa, rabon ɗan baya da ita tun Fabio Cannavaro a 2006. Saboda haka kada ka auna ɗan baya da mudun da ake auna masu cin ƙwallo. Tambayoyi uku na ba ƙanena: sau nawa aka neme shi aka same shi a fili, me ya yi ranar da ya haɗu da manyan 'yan gaba, kuma yaya ƙungiyar take idan ba ya nan.

Virgil van Dijk shi ne kayan da kowa ya san sunansa. Liverpool ta saye shi daga Southampton kan fam miliyan 75 a Janairun 2018, a 2019 kuma Messi kaɗai ya sha gabansa a Ballon d'Or. A kakar 2023/24 ya karɓi kambun kyaftin bayan tafiyar Jordan Henderson Saudiyya, ya kuma dawo da ƙarfinsa bayan an fara cewa ya ƙare. Wanda ya kalli wasan ƙarshe na kofin Carabao da Chelsea ranar 25 ga Fabrairu ba zai manta ba: Liverpool cike da yara saboda manyan suna jinya, an soke masa ƙwallo ɗaya, ya sake tashi sama a minti na 118 ya sa kai ya ci. Kofi dai ya shiga hannu. Sai dai ƙwallo 41 aka zura wa Liverpool a gasar lig, ya kuma karɓi jan kati a gidan Newcastle tun watan Agusta. Ga shekaru 32 a lokacin. Idan darajar suna kake so, rigar lamba 4 ba za ta ba ka kunya a ko'ina ba, amma a lissafin wannan kakar kaɗai akwai wanda ya fi shi.

Josko Gvardiol ba zan daɗe a kansa ba. Ƙungiyarsa Manchester City ta ɗauki kofin lig da maki 91, shi kuma ya zuba ƙwallaye a ƙarshen kaka, har biyu a gidan Fulham, ga wata mai kyau da ya ɗirka wa Real Madrid a Bernabeu. Amma kocinsu Guardiola gefen hagu ya ajiye shi, kuma sai da aka ci rabin kaka kafin ya zauna daidai. Kaya ne mai kyau, na baɗi.

Gardamar gaskiya tana cikin gida ɗaya, wato Arsenal, wadda aka zura wa ƙwallo 29 kacal a wasa 38, mafi ƙaranci a gasar, ta kuma tashi wasa 18 ba a taɓa ragarta ba. Gabriel Magalhaes da William Saliba ne suka tsare ƙofar. A gidan kallon da nake zuwa, duk ranar da aka tayar da zancen sai an rabu gida biyu, har mai shayin bakin ƙofa yana da nasa gwanin.

Gabriel shi ne mai faɗan. Shi ke shiga jikin ɗan gaba, shi ke jefa ƙafa da ƙirji ya tare bugu, shi ke daka wa abokansa tsawa. Idan Arsenal ta samu bugun kusurwa, kowa ya san inda za a aika ƙwallon amma a kasa hana shi. Haka ya ci Liverpool a Anfield a watan Disamba, ya ci Crystal Palace, ya ci West Ham ranar da aka yi mata 6-0. Abin mamaki, a benci kocin Arsenal Arteta ya fara ajiye shi a wasannin farko na kakar. Aibinsa zafin kai: wani lokacin yakan fito da wuri ya bar rami a bayansa.

Wanda ke toshe ramin shi ne Saliba. Ɗan Faransan nan mai shekara 23 a lokacin bai huta ko minti ɗaya ba, ya buga duka 3,420 na gasar. Ka lura da shi idan an jefo dogon ƙwallo bayan 'yan baya: ba ya zamiya a ƙasa, sai ya yi kafaɗa da kafaɗa da ɗan gaban, ya karkatar da shi gefe, ya ɗauke ƙwallon ya miƙa wa ɗan tsakiyarsu Rice kamar ba abin da ya faru. Sau biyu Arsenal ta haɗu da City a lig, ta ci 1-0 a Emirates, aka yi canjaras babu ci a Etihad ranar 31 ga Maris, ɗan gaban City Haaland bai ga raga ba ko sau ɗaya. Tambaya ta uku kuwa an riga an amsa ta a kakar 2022/23: da ya ji ciwon baya a wasan Sporting a Maris 2023, Arsenal tana saman tebur, sai ga 2-2 da Liverpool, 2-2 da West Ham, 3-3 da Southampton, City kuma ta lallasa ta 4-1. Gabriel yana fili a duk waɗannan wasannin. Nan ne ni gardamar ta ƙare mini.

Ba wai ba shi da tabo ba. Ranar 4 ga Fabrairu da Liverpool, ya tsaya yana kare ƙwallo yana jiran golansu Raya ya fito, Luis Diaz ya zuro ƙafa, ƙwallon ya bugi Gabriel ya shiga ragarsu. A wasan nan dai Van Dijk da golansu Alisson suka yi ta kallon-kallo har Martinelli na Arsenal ya tura ƙwallo raga babu gola. Kowa ya ci nasa kason ranar. Kuma duk tsaron da aka yi, maki 89 bai kawo kofi ba.

Shawarar da na ba ƙanena: idan kofi a hannu ne ma'auninka, Van Dijk, idan kana son ɗan bayan da zai sa ka tashi tsaye ka yi ihu, Gabriel mai lamba 6. Idan kuwa wanda ya fi cancanta da kyautar kakar kake nema, Saliba ne. Ya tafi kasuwa da wannan, sai ga shi ya kira ni daga shagon mai buga suna yana cewa, “Yaya, ai lamba 2 yake sawa, a filinmu za a ɗauka ɗan gefe ne ni.” Na ce masa ya biya kawai, kuma ya tsaya a kan mutumin har ya gama, kada ya juya masa harafi.