Koha, DSpace ko Omeka S: Wacce Ta Dace da Laburaren Intanet na Ƙaramar Ƙungiya?

Idan ƙungiyar da ba ta neman riba ta tashi buɗe laburaren bincike a intanet, sunayen manhajoji uku aka fi kawo mata, wato Koha da DSpace da Omeka S. Dukkansu kyauta ake sauke su, kuma kowa yana da damar gyara su yadda yake so, sai dai kowacce da irin aikin da aka ƙera ta dominsa.

Koha, wadda ta fara aiki a ƙasar New Zealand a shekarar 2000, gwana ce wajen tsara kundin littattafai da ba da aro da bibiyar wanda bai dawo da littafi ba. Ƙungiyar da kayanta rahotanni ne da takardun PDF, babu kantocin littattafai kuma babu masu aro, za ta ɗauki nauyin da ba ta da buƙatarsa.

DSpace ce ta fi kusa da abin da mai bincike yake nema. Jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin kwamfuta na HP ne suka fitar da ita a 2002 domin adana ayyukan masana, kuma har yau a nan ƙarfinta yake. Tana tatso rubutun da ke cikin PDF, ta yadda mutum zai rubuta kalma ɗaya ya gano rahoton da kalmar ta fito a shafinsa na tamanin, ko da babu ita a taken rahoton. Tana kuma iya ba kowace takarda adireshi na dindindin, abin da duk wanda ya taɓa danna mahaɗin da ya mutu a ƙasan wata maƙala zai san darajarsa. Matsalarta ita ce girkawa. Tun daga fitowa ta 7 a 2021 aka raba ta gida biyu, ɓangaren ajiya da ke aiki da manhajojin Java da PostgreSQL da Solr, da kuma fuskar da masu karatu suke gani, wadda aka gina da manhajar Angular. Kowane ɓangare yana buƙatar kulawa da sabuntawa, kuma ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi a intanet, ba ta ɗaukarsu cikin sauƙi. A ganina, ƙungiyar da ta dogara da ɗan sa-kai guda, wanda zai iya samun aiki ya tafi gobe, bai kamata ta girka DSpace da kanta ba. Gara ta biya kamfanin da zai riƙe mata ita.

Omeka S, wadda asalinta daga Jami'ar George Mason ta Amurka ne, ta fi sauƙin sha'ani, domin manhajojin PHP da MySQL take buƙata, kuma kusan kowane mai ba da hayar saba yana da su. Ma'aikaci zai iya cike taken takarda da sunan marubuci da shekara a jadawali, ya loda ɗaruruwan bayanai a lokaci guda, sannan ya fitar da shafuka daban-daban daga rumbu ɗaya. Rauninta shi ne bincike a cikin takardu, wanda sai an ƙara mata wasu ƙananan manhajoji kafin ya gamsar.

Ga ƙungiyar da takardunta ba su da yawa sosai kuma ba ta da ƙwararren ma'aikacin kwamfuta, Omeka S nake ba da shawara. Kafin a yanke hukunci, a loda takardu ashirin na gwaji, har da waɗanda aka ɗauki hotonsu daga takarda, domin irin waɗannan ba sa fitowa a bincike sai an fara mayar da hoton rubutu.