Takardar da hukumar haraji ta aiko min a Manchesta

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da yawanku kun sha tambayata yadda nake fama tun da na gama digiri na biyu na kama aiki a nan Manchesta ta ƙasar Birtaniya, ni kuma kullum amsata alhamdulillahi. Abin da ya zaunar da ni rubutu yau wata ambulan ce ruwan ƙasa da na tarar an zuro ta ƙofa bayan na taso daga aiki. A ƙasar nan irin wannan ambulan daga hukuma take zuwa, kuma baƙo in ya gan ta sai gabansa ya faɗi. Na buɗe da bismillah. Hukumar haraji ce take sanar da ni cewa ta yi lissafin shekarar da ta wuce, ta gano an cire min fiye da abin da ya kamata, don haka ina bin ta fam 800 da ɗoriya.

Sai da na kai wa wani abokin aikina takardar washegari, don na ɗauka 'yan damfara ne. Ko mamaki bai yi ba. Ya ce shekarar harajinsu tana farawa ne 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu na gaba, kuma fam 12,570 na farko da mutum ya samu a shekara ba a taɓa shi, sai abin da ya haura ake cire wa kashi 20 cikin 100. Ni kuwa a watan Oktoba na fara aiki, aka riƙa yankar albashina kamar tun farkon shekara nake karɓa. Da shekara ta rufe, su da kansu suka ga ratar. Na shiga shafinsu na intanet na sa lambar asusuna, mako bai cika ba kuɗin suka shigo.

Ban rubuta koke ba, ban je ofishin kowa ba, ban san ma kuɗin nan suna nan ba. Ba ni da uwa a gindin murhu, ba ni da ɗan uwa ko masinja a wurin. Wallahi daren nan Baba ne ya tsaya min a rai. Shekara 35 ya yi yana koyarwa a firamare, ya yi ritaya, har yau yana zarya a kan giratutinsa. Ina tuna fayil ɗinsa mai launin kore da ya naɗe a leda saboda damina, gefensa duk ya cinye don yawan riƙo. Yau a ce oga ba ya nan, gobe a ce a dawo tantancewa, jibi wani yaro sa'an jikansa ya raɗa masa cewa sai an ga na goro kafin fayil ya motsa. Haƙƙinsa ne fa, guminsa ne, ba sadaka yake roƙo ba. Ni da ban cika shekara ina yi wa ƙasar nan aiki ba an biyo ni da nawa har gida, shi kuma dattijo yana zaune kan benci tun hantsi har la'asar.

Kuma mu daina ɗora komai a kan shugabanni. Wanda ke danne fayil ɗin nan ɗan unguwarmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallaci. Wasu ma tare muka yi jami'a da su, muna zagin masu cin hanci a ɗakin kwana, yau ga su a kan kujerar suna cewa a dawo gobe.

Kada dai ku ɗauka kyauta ake rabawa a nan. Kafin albashi ya iso hannuna an zare haraji, an zare kuɗin inshorar ƙasa, an zare kashi 5 na fansho. Ina ɗalibi ba na biyan harajin ƙaramar hukuma, ina gamawa takardarsa ta iso, kuma rangwamen da ake yi wa mai zama shi kaɗai kashi 25 ne kacal. Bizar shekara 2 da ake ba wanda ya kammala karatu sai da na haɗa da kuɗin asibiti fam 1,035 na kowace shekara, a dunƙule, tun kafin na samu aikin. Amma duk da wannan biya, ganin likita sai ka kira waya ƙarfe 8 na safe ka shiga layi, ka yi sa'a a ba ka ranar, in ba haka ba a jefa ka mako biyu gaba. Lokacin da mura mai zafi ta kwantar da ni, na yi kewar mai kemis ɗin bakin layinmu ba kaɗan ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne aikin hannu. Famfon kicin ya fara ɗiga, na kira mai gyara, ya ce zuwansa kaɗai da farashinsa kafin ya taɓa sifana, kuma ba shi da sarari sai wani makon. Na kai wando a rage min tsawo, kuɗin da aka faɗa a gida ya isa a ɗinka min kaftani har da aiki a wuya. Aski kuwa tuni na sayi inji. Mu da muke raina tela da makaniki da mai walda, muna taya aikinsu kamar muna yi musu alfarma, mu sani cewa muna cikin ni'ima. Sai dai su ma su ji tsoron Allah: na nan in ya ce Talata ƙarfe 10, to ƙarfe 10 zai buga ƙofa, ba zai kashe waya ana gobe Sallah ba.

Wurin aiki ba wanda ya taɓa wulaƙanta ni. Shugabata da sunanta ake kiranta, ita take haɗa shayinta, abin da har yanzu bakina ke nauyin sabawa da shi. Na nemi a riƙa ba ni lokacin Juma'a in rama da yamma, ta amince nan take. Hutun shekara kwana 28 ne a doka, kuma su za su tuna maka ka ɗauka. Amma ana tashi kowa ya kama gabansa. Maƙwabcina na ƙofa da ƙofa gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga kai. A watan Disamba magariba kan yi kafin ƙarfe 4, ka fita da duhu ka dawo da duhu, ruwa na tsiyaya, ka shigo ɗaki ba mai ce maka sannu da zuwa. Kwanakin da na yi a kwance ba wanda ya leƙo, alhali a gida da kafin azahar Inna ta aiko da kunun tsamiya, maƙwabta sun cika zaure.

Shi ya sa ranar Asabar nake hawa bas zuwa unguwar Longsight ko Cheetham Hill. Akwai naman halal, akwai doya da manja da kuɓewa, sai dai doya ɗaya in ka juya kuɗinta zuwa naira sai ka ajiye ta. Tuwo da garin semo nake tuƙawa, miyar kuka kuma kullum cikin tsimi nake don kada ta ƙare.

Masu turo min saƙo suna lissafa albashina da canjin kasuwa, don Allah ku riƙa haɗawa da kuɗin haya, wanda shi kaɗai yake lashe kusan rabi. Abin da zan iya ba zan hana ba, na Baba da Inna kuwa shi ne farko duk wata. Wanda kuma zai taho karatu a watan Satumba, ya taimaka ya riƙo min kuka da yaji da busasshiyar kuɓewa. Kilishi kam kada ya wahalar da kansa, dokarsu ta hana shigowa da nama daga ƙasashenmu, a filin jirgi za a karɓe.